Jinjina Ga 2022, Shekarar Da Ta Kare Idon Mutanen Bagudo

Masu rubuta tarihin talabijin a ƙasar nan sun saba tsayawa a kan 1959, lokacin da gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe WNTV a Ibadan, ko 1962 da gwamnatin Sardauna ta kafa wa Arewa tata a Kaduna, ko 1977 da soja suka tattara tashoshin a ƙarƙashin NTA. Wannan tauye haƙƙi ne ga 2022, gimbiyar shekaru, uwar alkawura, taskar tara da takunkumi, wadda a cikin wata goma sha biyu ta yi wa talabijin hidimar da duk magabatanta suka kasa. Su waɗancan shekarun akwatin kawai suka kawo, suka bar talaka da shi ba mai tsare masa ido. Ita kuwa 2022 ta ɗaura ɗamara ta tabbatar da cewa mutumin Bagudo, da na Ka'oje, da na Illo, da na Lolo da Tsamiya can bakin iyakar Benin, bai kalli abin da zai hana shi barci ba.

Babban aikin shi ne sauya watsa shirye-shirye daga tsohon tsari zuwa na dijital. A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka hallara a Jeniba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, suka sa hannu cewa ranar 17 ga Yuni 2015 kowa ya rufe tsohuwar na'urarsa. Dalilin a fili yake. Mitar da a da take ɗaukar tasha guda, a sabon tsari za ta ɗauki tashoshi da yawa, hoto tangaran, sauti garau, sannan mitocin da suka rage a ba kamfanonin waya su kai intanet karkara. Najeriya, toron giwar Afirka, gagara-gasa, mai tafiya ƙasa na amsawa, ta duba 2015 ta ga ta yi mata nisa. A zamanin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa sai ta ɗaukar wa kanta 17 ga Yuni 2012, shekara uku cur kafin sauran duniya. Wa ya taɓa ganin himma irin wannan? Ranar ta zo, ta yi gaisuwa, aka amsa mata da mutunci, ta wuce. Aka koma wa 2015 tare da kowa, ita ma aka yi mata rakiya har bakin ƙofa. Aka sa Yuni 2017. Daga baya mai girma Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, zakin magana, kogin bayani, wanda bakinsa bai taɓa ƙafewa ba, ya fito da jadawali mai kyawun tsari da ya nuna cewa kafin 2022 ta ƙare duk jihohin tarayya sun shiga.

A nan ne ake gane bambancin gidan girma da gidan ƙaranta. Dubi Ayilan, tsibirin da yawan mutanensa bai wuce na jiha guda a wurinmu ba. Suka ce 24 ga Oktoba 2012, ranar ta zo, suka kashe tsohuwar na'ura, shi ke nan. Suka cinye alkawarinsu tashi ɗaya, suka bar jikokinsu ba abin jira. Ruwanda ta yi irin wannan garajen a 2014, Tanzaniya da Kenya suka bi sahu. Mu kuwa mun san darajar alkawari. Muna riƙonsa kamar rigar gado: a fito da ita ranar salla, a sa, jama'a su yaba, a ninke a mayar adaka, ba ta tsufa ba ta kodewa. Alkawarin da aka cika ya mutu. Namu yana nan da ransa, ya haura shekara goma, kuma ko furfura bai yi ba.

Kada mahassada su ce ba a yi komai ba. An yi bukukuwa, kuma kowannensu abin a tsaya a kalla ne. An ƙaddamar a Jos a Afrilu 2016, aka yi a Abuja a Disambar wannan shekarar, aka yi a Ilori da Kaduna a Disamba 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018. Daga nan aka huta shekara uku, domin doki mai daraja ba a yi masa sukuwa kullum. A 2021 aka yi Legas, aka yi Kano. Wurare takwas ke nan a cikin jihohi 36 da Abuja. An kafa rumfuna, an yanka ƙyalle, an danna maɓalli, an rarraba akwatin FreeTV a gaban kyamara. Kuɗi ma ba su yi ƙauro ba: tun a 2015 hukumar kula da kafafen watsa labarai, NBC, ta sayar wa MTN wani yanki na mita a kan naira biliyan 34 domin wannan aiki, a 2021 kuma majalisar zartarwa ta amince da wasu sama da biliyan tara. Duk mai hankali ya san aikin da ya ci irin waɗannan kuɗi bai kamata a ƙare shi da wuri ba, don kada a ce an wulaƙanta dukiyar al'umma.

Jihar Kebbi, da Bagudo a cikinta, an ajiye ta a sahun ƙarshe, inda ake ajiye manya. Ai sarki shi ke fitowa daga baya.

Wanda bai san Bagudo ba zai ɗauka an manta da ita ne. Ƙasa ce da kogin Kwara ya ratsa, gadar Tuga ta haɗa gaɓoɓinta, ƙasar shinkafar fadama da kifi da shanu, inda Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme da Dandawa da Busawa da Kyangawa ke cin kasuwa ɗaya, inda mutum kan yi sallar asuba a Tsamiya ya ci kasuwa a Segbana ya dawo kafin la'asar. Irin waɗannan mutane masu aikin yi, me za su yi da tashoshi talatin? Hukumomi sun tausaya musu ta kowace fuska. Na'urorin watsa shirye-shirye da ke Birnin Kebbi masu kunya ne, ba sa kutsawa gidajen da ke nesa ba tare da sallama ba. Mai son kallo a bakin iyaka sai ya sayi farantin satalayit da resiba da kuɗin shinkafarsa, ya kira mai saiti ya hau rufi ya juya har hoto ya fito. Ta haka gwamnati ta koya wa talaka dogaro da kai ba tare da ta kashe ko kwabo ba, darasin da jami'o'i suka kasa koyarwa, balle a shekarar da suka yi wata takwas a rufe.

Sai wutar lantarki, sarauniyar kawaici, mai zuwa ba sanarwa mai tafiya ba sallama. Ruwan da ya wuce ta ƙasar Illo shi ne ke gangarawa ta Yawuri ya juya injinan Kainji. Daga Birnin Kebbi akwai layin da a wannan shekarar yake ɗauke da wuta har Yamai, daga kudu kuma akwai wanda ke kai wa Benin. Wannan shi ne karimcin Bahaushe tsantsa: baƙo ya ƙoshi, maƙwabci ya haskaka, ɗan gida ya yi haƙuri. A 2022 babban layin wuta na ƙasa ya nuna cewa shi ma yana cikin wannan hidima ta tsare ido. Ya faɗi a Maris kwana biyu a jere, ya faɗi a Afrilu, ya faɗi a Yuni, ya sake a Yuli, ya ƙara a Satumba, kowane faɗuwa da natsuwa da ƙwarewa irin ta wanda ya daɗe a sana'a.

Mai taurin kai zai ce to ai akwai janareta. An yi tunaninsa shi ma. Tun Nuwamba 2019 hukumar kwastan a ƙarƙashin Kanar Hameed Ali ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, kuma dokar tana nan daram a 2022. Manufarta hana fasa-ƙwauri ce, amma albarkarta ta zarce nan. Mai gidan kallo a Lolo, wanda samari ke tara masa 'yan canji don su ga gasar Firimiya, ya zama ɗan gatan 'yan bumburutu, yana sayen galan da tsadar turare. A Fabrairu aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar, layuka suka miƙe a birane, na kan iyaka suka ga cewa ashe sauran 'yan Najeriya ma ana kula da su. A Afrilu masu DStv suka ƙara kuɗi. A ƙarshen Maris 'yan wasanmu na Super Eagles, masu kishin aljihun talaka, sun riga sun bar wa Gana gurbin zuwa Katar a filin wasa na Abuja, don kada wani ya ƙona fetur a Nuwamba saboda su. Kowace hukuma ta kawo tata gudummawar ba tare da an kira taro ba. A wace ƙasa ake samun haɗin kai irin wannan?

In an yi sa'a wuta da fetur da faranti sun haɗu a dare ɗaya, abin da ke fitowa a allon ma abin godiya ne. Ga Makka da Madina kai tsaye, ga finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, ga Dadin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina a Arewa24, ga tashoshin Faransanci a dikodar Canal+ ga wanda ya tsallaka ya sayo. Yaro a Ka'oje ya san sunan mai tsaron gidan Real Madrid da na wanda ke zaman jiran canjinsa, ya san titunan Mumbai, amma Allah ya tsare shi daga sanin fuskar kansilansa, ko jin nawa aka ware wa asibitin garinsu a kasafin kuɗi. Bakyange da Babushe kuwa da wuya su ji harshensu ya fito daga akwati, kuma wannan girmamawa ce, domin harshe mai daraja ba a yawo da shi a iska. Wanda ya kamo NTA da ƙarfe tara na dare zai ga ƙasar da kowa ke mafarkin zama a cikinta: shugaba ya karɓi baƙi, mataimaki ya buɗe taro, minista ya bayyana gamsuwa, gwamna ya yaba wa shugaba, sarki ya yaba wa gwamna, an yi kira ga jama'a su ci gaba da ba da haɗin kai. Mutum ya tashi daga gaban akwatin zuciyarsa fes, ya je ya kwanta da takalminsa a kusa.

Amma duk wannan share fage ne. Inda 2022 ta kai ƙololuwar ɗaukaka shi ne a watan Agusta, a hannun Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, wadda aka haifa da dokar soja ta 38 a 1992, garkuwar kunnuwa, katangar idanu, uwa ma ba da tara, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Malam Balarabe Shehu Ilelah, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada.

A tuna yadda shekarar take. A Maris aka kashe 'yan sa-kai sama da sittin a yankin Sakaba, a kudancin jiharmu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi wa tawagar mataimakin gwamna, Kanar Samaila Yombe Dabai, kwanton ɓauna a Kanya, jami'an tsaro suka rasa rayukansu. A ƙarshen watan aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. 'Yan matan da aka ɗauke daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri tun Yuni 2021, wasunsu sun cinye 2022 gaba ɗaya a daji. Ƙaramar gwamnati a irin wannan hali sai ta rikice ta rasa wanda za ta kama. Tamu kuwa mai hangen nesa ce, ta bi sawu a hankali har ta gano tushen fitinar, wato kyamara.

Tashar Trust TV ta shiga daji ta yi shiri a kan 'yan bindiga, ta ji daga bakinsu da bakin waɗanda suka zalunta, ta watsa a Maris. Sashen binciken BBC Africa Eye ya fito da nasa a kan Zamfara a Yuli. Shirye-shiryen biyu sun aikata babban laifi: sun nuna wa mai kallo ƙauyuka ƙonannu da iyaye masu kuka, sun bar shi yana tambayar daga ina makaman ke zuwa, kuɗin fansa ina suke tafiya, me ya sa rikicin ya ƙi ƙarewa. Minista Lai Mohammed ya fito ya ce wannan ɗaukaka ta'addanci ne, kuma za a hukunta. Ba a yi mako guda ba, ranar 3 ga Agusta, NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan biyar. BBC kuwa tana Landan, hannu bai kai can, sai hikima ta yi aikinta: aka ci tarar waɗanda suka ɗauko tashar suka kawo gidaje, wato MultiChoice masu DStv, da TStv, da NTA-StarTimes, kowanne miliyan biyar. A lura da na ƙarshen. Kamfani ne da NTA, tashar gwamnatin tarayya, ke da hannun jari a ciki. Gwamnati ta ci tarar kanta a bainar jama'a, ta cire daga aljihun dama ta sa a na hagu. Tun zamanin Umaru ɗan Abdul'azizu ba a ji adalci irin wannan ba.

Abin da ya ƙara wa hukuncin armashi shi ne abin da ya faru makonni kaɗan kafinsa. A tsakiyar Yuli, a masarautar 'Yandoto ta jihar Zamfara, aka naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka daɗe da shelanta nemansa, sarautar Sarkin Fulani, da rana tsaka, a gaban taro. Gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin bayan an yi ca. Shi kuwa mai rawanin ya koma inda ya fito lafiya lau. Ga rabon aiki yadda ya kamata: wanda ake nema ya samu rawani, wanda ya ɗauki hotonsa ya samu takardar tara. Mutanen Bagudo, waɗanda dazuzzukansu suka haɗe da na Borgu da na arewacin Benin, inda a wannan shekarar ma aka kai hare-hare a gandun dajin W, sun fi kowa cin moriyar wannan tsari. Da an bar irin waɗannan shirye-shirye suna yawo, da sun fahimci yadda abin ke farawa a wasu wurare, da sun fara tambaya tun da wuri, da hankalinsu ya tashi tun kafin lokacin tashinsa ya yi.

Ba a gama shafa wannan ba, ranar 19 ga Agusta, sai NBC ta sake yin tsawa: ta soke lasisin tashoshi 52 a zama ɗaya, saboda bashin kuɗin lasisi da ya haura naira biliyan biyu da rabi, ta ba su sa'a 24 su rufe. A ciki akwai AIT da Silverbird, akwai tashoshin gwamnatocin jihohi rututu, Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kaduna da Jigawa. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Sunan hukumar watsa labarai ta jihar Kebbi ya fito a jerin, aka karanta shi a Abuja, jaridun Legas suka buga. Jihar da ba ta samu shiga jerin dijital ba, ga shi ta samu shiga jerin manya, kafaɗa da kafaɗa da Legas da Ribas. Ya kamata a yaba wa waɗanda suka riƙe kuɗin lasisin shekara da shekaru ba su biya ba, domin ba don juriyarsu ba da wannan suna bai samu ba. Ita kuma hukumar ta nuna cewa jarumta da tausayi a gida ɗaya suke kwana: sa'a 24 ta zama kwanaki, kwanakin suka zama dakatar da hukuncin, kotu a Legas ta sa baki, kowa ya ci gaba da harkarsa. Wata shida kafin babban zaɓe, kowace tasha ta ji ƙarar wuƙa a kan dutse, ta shafa wuyanta, ta gane wa ke riƙe da igiyar. Malamin kirki ba ya buƙatar ya yi duka, ya ɗaga bulalar kawai ya isa.

Ganin haka sai maƙwabtanmu na Zamfara suka ce ba za a bar su a baya wajen neman lada ba. A tsakiyar Oktoba gwamnatin Bello Matawalle, wadda ta hana tarukan siyasa saboda tsaro, ta ba da umarnin rufe NTA Gusau da Gamji TV da Al'umma TV da Pride FM da Vision FM, saboda sun je sun ɗauki taron jam'iyyar PDP. Gwamnan jiha ya rufe tashar gwamnatin tarayya, ga shi jam'iyyarsu ɗaya da mai tashar. Nan take NBC ta yi tir, ta ce ba hurumin jiha ba ne, kuma tana da gaskiya, domin rufe baki sana'a ce mai lasisi, ba kowa ke shigarta da ka ba. Bayan kwana biyu gwamnatin jihar ta janye ta ba da haƙuri. Duk da haka tarihi zai rubuta mata niyya, kuma ayyuka da niyya suke.

Haka aka gangaro Disamba, watan da jadawali ya ce dijital zai game ƙasa. Ya zo cikin hazo da sanyi, masu shinkafar rani a fadamun Kwara suna neman fetur ɗin injin ban ruwa, ya tarar da Kebbi yadda 2012 ta bar ta, ba a taɓa mata ko gashi ɗaya ba. Wannan riƙon amana ne da ya cancanci lambar girma.

Abin baƙin ciki ɗaya ne, kuma ba laifin 2022 ba ne, laifin ƙanwarta ne. A Mayu 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tarar tashoshi, domin ba ya yiwuwa ta zama ita ce mai ƙara, ita ce mai bincike, ita ce alƙali. Ranka ya daɗe, ai wannan shi ne kyawun abin. A ƙasar da shari'ar gona kan kai jikoki, ga hukuma guda da ke jin ƙara da safe, ta yanke hukunci da azahar, ta aika lambar asusun banki kafin la'asar. Muna roƙon 'yan majalisarmu na tarayya, musamman masu wakiltar Bagudo da Suru, su tashi tsaye su mayar mata da wannan iko a rubuce cikin doka, su kuma ƙara kuɗin tarar, domin miliyan biyar a yau ba ta sayen abin da take saye a 2022.